Haƙorin Makka, Katin Aji Na Uku

A shekarata ta huɗu a Madina haƙorin ya fara ciwo. Ranar ina tura wani tsoho ɗan Indonesiya a keke daga bakin jirgi zuwa wurin duba fasfo, don aikina ke nan a filin jirgi, tura alhazai da masu Umara waɗanda ƙafa ta gaza. Tsohon ya miƙo mini gorar ruwa mai sanyi, na kurɓa don kada ya ji ba daɗi. Sai na ji kamar an soka mini allura daga leɓe har cikin ido. Na tsaya cak da keken a tsakiyar hanya, mutane suna ratse mu, shi kuma yana ta waiwayowa yana murmushi, yana zaton daɗin ruwan ne ya kama ni.

Sunana Lawwali, mutumin Ƙauran Namoda. Haƙorin da nake magana a kai na sama ne, na dama, wanda ke maƙwabtaka da na gaba, kuma lafiyarsa lau na zo da shi ƙasar nan. A shekarata ta farko na samu izinin aikin Hajji. Bayan mun sauko daga Mina na haɗu da alhazan garinmu, suka ja ni wani ɗaki a hawa na biyu a Makka, layi har kan matakala. A garinmu wanda ya je Makka ya dawo da baki fari fat sai ya yi ta rantsuwa kafin a yarda ya je. Mai ɗakin ya kankare mini lafiyayyen haƙori da inji, ya shafa wani abu, ya kifa zinare a kai, ko rabin awa ba a yi ba. Na fito na ɗauki hoto ina yaƙe baki na tura gida. Matata Hadiza ta ce gidan kaf an zagaya da wayar, har maƙwabta sun shigo gani.

Katin inshora kuwa tare da iƙama, takardar izinin zama, kamfani ya ba mu shi. Larabawa suna kiransa ta'amin, mu ma haka muke kiransa. Shekara uku yana cikin aljihuna ban taɓa karanta abin da ke jikinsa ba. Na dai san mudir, wato manajanmu, ya ce duk wanda ya yi ciwo ya nuna shi a asibiti, kuma har da haƙori a ciki. Wannan "har da haƙori" ita na riƙe.

Da na koma masauki da la'asar na tarar da Ilya yana dafa shayi. Ilya mutumin Maraɗi ne, gadonsa ke ƙasan nawa, ya girme ni da shekara goma, ya kuma riga ni shiga kamfanin. Ya dubi yadda na tallafe kunci, ya kwance ƙullin kanumfari ya miƙo mini guda biyu.

"Danna a wurin. Gobe ka tahi su hidda shi ka huta."

"Su cire? Na Makkan ne fa."

"Ko na Birnin Ƙudus ne. Katin ga namu na hidda haƙori ne, ba na gyara ba. Ni huɗu sunka hidda min, ko riyal ban biya ba." Ya buɗe baki ya nuna mini ciki, yana alfahari kamar mai nuna gonar da ya share.

Na ce masa nasa turame ne na can ciki, babu mai ganinsu sai likita. Nawa a ƙofar gida yake. Shekarata talatin da huɗu, aikina tarbar mutane ne, kuma na ga yadda mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana jiƙa komai kafin ya ci. Na rantse wa Ilya haƙorin nan tare za mu koma Ƙaura. Bai yi musu ba, ya zuba mini shayi, na kasa sha saboda zafi.

Ranar hutuna na farko na shirya na nufi wani asibitin haƙori a unguwar Aƙiƙ da nake gani ta tagar motar kamfani, mai gilashi daga sama har ƙasa. Na zauna a kujera mai laushi awa guda, sanyi yana ratsa ni. Da layi ya zo kaina matar da ke karɓar mutane ta duba lambar iƙamata a na'ura, ta turo mini katin da yatsa ɗaya. Ta ce asibitinsu ba ya cikin shabakar katina. Ban san shabaka ba sai ranar. Ashe kowane kati yana da jerin asibitocin da aka yarda ya shiga, kuma nawa uku ne kacal masu duba haƙori a duk faɗin Madina. Ta rubuta mini sunayensu a takarda. Kafin in gano na farko an rufe sashen haƙori, hutun mako ya tafi a kuɗin mota da rana.

Mako na biyu na samu shiga. Asibitin yana saman wani kantin tayoyi, amma likitan mutumin kirki ne, Bamisire mai furfura. Mai taimaka masa wata baiwar Allah ce, Nafisa, Bahaushiyar Sudan, Hausarta cakuɗe da Larabci. Aka ɗauki hoton haƙorin. Likita ya nuna mini wani baƙin tabo a ƙarƙashin zinaren, ya ce ruɓa ta shiga ta gefen da ba a manne da kyau ba, ta ci har ta kai jijiya. Na tambaya ko zai tsira. Ya ce ƙwarai kuwa, in an yi sauri. Za a ɗaga zinaren, a cire jijiyar, a cike ramin, sannan a yi masa sabuwar hula irin ta likita. Sai dai kafin ya taɓa ni dole kamfanin inshora ya ba da amincewa, abin da suke kira muwafaƙa.

Nafisa ta jawo allon na'ura tana cike tambayoyi.

"Ɗan'uwa, zinaren nan, me ya sa aka sa maka? Haƙorin ya karye ne da?"

"Ina fa. Lafiyarsa lau."

Ta ɗago ta dube ni. "Yani ba ka faɗi ba, ba ka bugu ba, babu tsutsa a ciki kafin a rufe? Ka tuna da kyau."

Ni kuwa sai na ji kamar ana raina mini haƙori. Na gyara zama na ce, "Wallahi ko ɗigon baƙi babu. Na sauke farali ne na sa, kamar yadda ake yi a wurinmu. Ado ne."

Ta faɗa wa likita da Larabci, ya ɗaga kafaɗa, ta rubuta kalma ɗaya. Na fita ina jin daɗin na kare mutuncin bakina. Kwana biyu bayan haka ina cikin tura wata tsohuwa saƙo ya shigo wayata. Wani abokin aiki ɗan Yaman ya karanta mini. An ƙi. Dalili, matsalar ta samo asali ne daga aikin tajmil, wato kwalliya, wanda aka yi ba a asibiti ba.

Na ɗauki fushina na kai ofishin kamfani. Mai kula da inshorar ma'aikata wani ne Ustaz Bakur, ɗan ƙasa, amma kakanninsa daga Katsina suka tako da ƙafa suka zauna. Yana jin Hausa sarai, amsawa ce sai da Larabci, in ta ƙure masa ya jefo kalma biyu uku da harshen kaka. Na ajiye katin a teburinsa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Ustaz, an ce har da haƙori. Wannan da ke bakina ƙaho ne?"

Bai yi fushi ba. Ya ce in zauna, ya jawo farar takarda ya zana gida mai hawa uku. Ya ce kamfani ba ya saya wa Lawwali inshora, yana saya wa ma'aikata ɗaruruwa ne a dunƙule, kamar mai sarin shinkafa, ana ciniki a kan kowane kai. Hawan sama na manajoji ne, na tsakiya na ma'aikatan ofis, na ƙasa namu, aji na uku. Duk abin da aka ƙara a kati farashin kai yana hawa, duk abin da aka zare yana sauka. To ta hanya huɗu ake sauke shi. A rage asibitocin da za ka iya zuwa. A sa iyakar abin da za a kashe wa bakinka a shekara. A ɗora maka wani kaso a wasu ayyukan. Sannan a rubuta jerin abubuwan da ba ruwan kati da su.

Ya karanto mini abin da ajinmu ya ɗauka: dubawa, hoto, wanke haƙora sau ɗaya a shekara, ciko, cirewa. Cire jijiya ma yana ciki, amma da muwafaƙa, kuma da kasonka. Ya juya shafi ya karanto wanda bai ɗauka ba, kuma wannan shafin ya fi tsawo. Babu hula, babu dashe, babu ƙarfen miƙar da haƙora, babu mayar da haƙora farare, babu duk wani aikin kwalliya ko abin da kwalliya ta haifar.

"To su na hawan sama fa?"

Ya ce su katinsu yana ɗaukar hula, har da dashe wani lokaci. Na tambaye shi ko haƙoransu da wani ƙashi aka yi daban da namu. Na ce ni nake tura iyayen mutane daga safe har yamma, ni baƙi suke fara gani in sun sauka garin Manzo, amma bakina ne na aji uku. Na ce kuma wane ne ya zauna a ofis mai sanyi ya yanke cewa haƙorin Hajji kwalliya ne, kamar jan baki? Ya ce ai ni na faɗa da bakina, ga shi a rubuce. Gaskiya ce kuwa, kuma ita ta fi ƙona mini rai.

Sai ya yi 'yar dariya, ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Kakata ma tana da na Makkan biyu." Ya koma Larabci ya ce zai rubuta ƙorafi a madadina, amma shawararsa ita ce kada in jira. In je in biya cire jijiyar da kaina yanzu, hular ta biyo baya in hali ya yi. Na tambayi likita a waya, abin ya kusan cinye albashin wata biyu in an haɗa duka. Ba wai ba zan iya ƙoƙartawa ba. Taurin kai ne ya hana. Na ce haƙƙina ne, da guminmu ake biyan katin nan, ba zan biya sau biyu ba. Bakur ya dube ni yadda Nafisa ta dube ni, ya ce, "Ala kefak," wato yadda na ga dama.

Daga nan na shiga zirga-zirgar takarda. Inshora ta nemi rahoton likita, na kai. Ta nemi sabon hoto, na ɓata wani hutun na yi. Ta nemi takardar wurin da aka sa zinaren. Na yi dariyar takaici a gaban Bakur, don ɗakin nan na Makka ko suna ba shi da shi, balle hatimi. Na koma wurin Nafisa na roƙe ta ta gyara abin da ta rubuta, ta ce haƙorin ya taɓa karyewa. Ta ce, "Ya akhi, ranar na tambaye ka sau biyu. Yanzu ya shiga na'ura, in na taɓa aikina ne zai tafi." Ba ta yi laifi ba, amma na sauko daga benen ina jin haushinta, da na likita, da na mai tayoyin da ke ƙasa wanda bai san ma ina yi ba.

Duk wannan lokacin da ɓangaren hagu nake tauna. Dabino, a garin dabino, ya gagare ni, ko ajwa, dabinon nan mai daraja, aka ba ni kyauta sai in kawo wa Ilya. Asuwaki in ya taɓa wurin sai hawaye. In Hadiza ta kira ta bidiyo sai ta ce, "Alhaji, yi mini dariyar nan mana in gani," in yi mata, in kashe waya in haɗiyi ƙwaya. Ban gaya mata ba. Kewar gida ba ta taɓa damuna irin ta watannin nan ba, don a gida ko ba komai akwai wanda zai dama maka kunu ya ce sannu.

Bayan mako biyar amsar ƙorafin ta zo, an sake ƙi. Bakur ya ce saura wata biyu kwangilar inshorar ta ƙare a sabunta, kuma ya ji ana maganar a faɗaɗa wa aji na uku. Bai ce tabbas ba, ni na mayar da ita tabbas. Ana haka jiragen alhazai suka fara sauka, aka soke hutun kowa. Kuma a tsakiyar wannan hidimar sai ciwon ya ɗauke ɗif. Na sha ruwan sanyi ban ji komai ba. Na tauna dabino ta dama a gaban Ilya don ya gani.

"Ka ga ikon Allah? Ba likita, ba ta'amin."

Ilya ya girgiza kai. "Nawa na ukku haka ya yi shiru kahin ya tashi da ni. Ba warkewa ta ba, mutuwa ta."

Na ce baƙin ciki yake yi don nasa sun tafi.

Sabon kati ya zo bayan Babbar Sallah, launinsa daban. Kamfani ya koma wani mai inshorar da ya fi araha. Aji na uku yana nan yadda yake, jerin abin da ba a ɗauka ba ko layi ɗaya bai ragu ba, asibitocin kuma an canza su, na su Nafisa ya fita daga shabaka. Duk rahoto da hoton da na tara sun zama takardun banza. A makon ne na tashi da safe leɓena ya kumbura har ya ture hanci, idona na dama ya ƙanƙance. Shugaban sashenmu ya kalle ni sau ɗaya ya ce ba zan tarbi baƙi da wannan fuskar ba, ya tura ni ɗakin ajiyar kekuna ina goge tayoyi.

Sabon asibitin yana can hanyar Awali, kusa da gonakin dabino. Likitar wata matashiya ce, ba ta da yawan magana. Ta ba ni maganin kwana biyar kumburin ya sauka, sannan ta ɗaga zinaren. Warin da ya fito ni kaina sai da na ji kunya. Ta ba ni madubi. Abin da ya rage a ƙarƙashi ɗan baƙin kututture ne, ya rabe biyu har cikin dasashi. Ta ce jijiyar ta daɗe da mutuwa, shi ya sa na daina jin ciwo, ruɓar kuma ta ci gaba da aikinta. Na ce mata zan biya da kaina, ko nawa ne, yau ɗin nan. Ta ce da wata uku baya ne da ta karɓa. Yanzu babu abin da za a ɗora hula a kai.

Ta tura neman muwafaƙar cirewa. Ina kurkure baki ban ko tofar ba wayata ta yi ƙara. An amince. Wata huɗu ina bin amincewar gyara ban samu ba, ta cirewa ko minti biyar ba ta ɗauka ba, kuma ko riyal ban biya ba, kamar yadda Ilya ya faɗa. Na tambayi abin da za a sa a gurbin. Ta ce dashe ko gada, wato haƙorin da ake maƙala wa na gefensa, duka biyun ba sa cikin katina. Aka naɗe mini zinaren a 'yar leda aka miƙo mini, na fito da auduga a baki na tsaya jiran mota a rana.

Kashegari Bakur ya zo masaukinmu da kansa, abin da ɗan ofis bai taɓa yi ba. Ya kawo fulas na kunun gyaɗa, ya ce mahaifiyarsa ce ta dama da ta ji labari. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman kalma, can ya ce, "Sannu, ɗan'uwa." Na sha kunun nan da ɗumi, ɗanɗanonsa sak na gida, na juya wa Ilya baya don kada ya ga idona. Da yamma na kira Hadiza na sauke hannuna daga baki. Ta ce, "Shi ne ka ɓoye mini wata huɗu?" Giɓin bai dame ta kamar ɓoyewar ba, kuma har yau ba ta gama huce wannan ba.

Na yi fushi da mai inshora, na yi da kamfani, na yi da mutumin ɗakin nan na Makka. Amma in na zauna ni kaɗai na san wanda ya kai lafiyayyen haƙori aka kankare, na san wanda aka tambaya sau biyu, na kuma san wanda aka ce ya biya ya ƙi. Yanzu duk sabon ma'aikacin da ya zo daga gida nakan karɓi katinsa in kai shi wurin Bakur a karanta masa shafi na biyu tun yana da lafiya. Yawancinsu suna saurare ne don ganin girmana, hankalinsu yana wani wuri.

Mako biyu da cirewar aka mayar da ni zauren tashi, lokacin ragowar alhazan da suka yi ziyara bayan Hajji suna komawa. Aka ba ni wata tsohuwa 'yar wajen Gusau, ƙafafunta sun kumbura, bakinta kuwa bai gaji ba. Tun daga wurin awon kaya take ba ni labarin jikokinta, tana dariya, sabon zinare yana walƙiya a bakinta, dasashin wurin ma bai gama sacewa ba. Da ta ji Hausata ta ce in zagayo ta ga fuskata. Na zagayo na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗan nan, shekararka nawa a nan?"

"Huɗu, Hajiya."

"Ka sauke farali?"

"Na sauke."

Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta leƙa bakina da kyau.

"To me kake jira? Ga wuri ma Allah ya buɗe maka, daidai inda ake sawa. Kada ka koma gida haka, mutane su ce ba ka je ba. Akwai wani yaron kirki a Makka, hawa na biyu, hannunsa ba zafi. Ni lafiyayye ma ya gyara mini ya sa."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin ruɓa da jijiya da shafi na biyu. Sai na ga yadda take shafa haƙorin da harshe, tana ɗokin a gan ta a gida, kuma an riga an kankare. Na miƙe na koma bayan keken.

"Hajiya, in kin isa, duk ranar da kika ji ruwan sanyi ya soke ki a wurin, kada ki jira kowa. Ki je asibiti a ranar."

Ta ce, "Allah ya kiyaye, bakinka ya sari ɗanyen kashi," tana dariya. Na saki birki na tura ta zuwa ƙofar jirgi.